Hazo Ya Rufe Kaduna, Jikata Kuma Tana Haddar Snow

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya sanyi, ya ƙurar bana. Don Allah ɗan fili nake roƙo a shafin wasiƙu in amayar da wani abu da ya tsaya min a maƙoshi tun watan Disamba, na so in haɗiye in yi shiru amma abun ya ƙi wucewa. Ka yi haƙuri in na ja zancen, tsohon ticha ne ni, mu kuwa in muka riƙe alli ba ma ajiyewa sai an kaɗa ƙararrawa.

Jikata ce, 'yar aji uku a wata firaibet da ke nan unguwarmu, ba zan kama suna ba tunda ba faɗa na zo yi ba. Ranar da aka raba musu takardun jarabawar zangon farko ta shigo zaure tana kumbura baki, na ce amarya lafiya, wa ya taɓa min ke? Sai kawai ta miƙo min takarda. Tambaya ce a kan lokutan shekara, an ce su rubuto seasons, yarinya ta rubuta rainy season da dry season har ta ƙara da harmattan, wallahi ko harafi ɗaya ba ta kuskure ba, amma aka bi da jan biro aka soke aka rubuta mata a gefe spring, summer, autumn, winter. Na riƙe takardar nan na ɗaga kai na leƙa waje. A ranar ko ƙarshen layinmu ba ka hangowa saboda hazo, leɓen yarinyar duk ya tsage, ƙafafu fari fat duk da basilin ɗin da uwarta ke lafta mata kullum da safe, amma da na buɗe littafin nasu sai ga hoton wani ɗan Bature da hula da safar hannu yana wasa da dusar ƙanƙara, wai wannan shi ne Disamba.

Na ce toh amarya zo mu yi tamu jarabawar. Wannan abun da ya rufe gari, hazo, ya sunansa da Turanci? Shiru. Ƙura fa? Ta ce sand. Guguwa? Ta sosa kai. Walƙiya? Ta ce light, na ce kin kusa amma ba ki kai ba. Raɓa? Ta ce Kaka ai ba a koya mana ba. Amma da na ce snow sai ga shi ta kawo min tiryan-tiryan harafi bi harafi har da snowman, abun da ko ni mai furfura ban taɓa gani ba sai a talabijin. Kuma fa ita ce ta zo ta uku a ajin.

Da aka dawo daga hutu na shirya na je na ga antin tasu, yarinya ce mai ladabi, har ƙasa ta gaishe ni. Ta ce Baba ka yi haƙuri, abun da ke cikin littafin kenan kuma shi mai makaranta ya ce mu bi. Na ce Malama na gane, Allah ya yi miki albarka. Kuma da gaske na gane, don ni ma na yi shekara talatin da ɗoriya a makarantun LEA, wato firamaren gwamnati, kafin in yi ritaya, kuma a farkon aikina irin wannan koyarwar na yi, in cika allo da kalmomi ashirin in ce a kwafa, a maimaita bayana da ƙarfi har ajin maƙwabta su kawo ƙara, ran Juma'a a yi dikteshin, ran Litinin ka tambaya ka tarar duk sun bi ruwa. Na daɗe ina ɗora wa yaran laifi kafin in gane nawa ne.

Kaga Malam Edita, yaron Bahaushe ɗan shekara bakwai ba da kai fanko yake zuwa aji ba, musamman a kan sha'anin sama. Ya san hadari, ya san bambancin wanda zai zubar da wanda iska za ta watsar, ya san yayyafi, ya san markar watan Agusta da ake wuni ana tsiyaya har shanya ta ƙi bushewa, ya san ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya san cida ya san tsawa ya san aradu, ya tsinci ƙanƙara a tsakar gida ya jefa baki an yi masa faɗa, ya ji ana cewa bakan gizo ya shanye ruwa. Duk wannan na kansa kyauta, ba wanda ya biya kuɗin makaranta a kai. Abun da ya rage wa ticha kawai ya ɗauko kalmar Turanci ya rataya a jikin abun da yaron ya riga ya sani, kamar yadda ake rataya riga a ƙusa. Yayyafi drizzle, ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwa hail, raɓa dew, hazo haze, guguwa whirlwind, bakan gizo rainbow, fari drought. Ƙusar na nan a bango tun tuni. Amma in ka ba shi snow da spring, ka miƙa masa riga ne babu ƙusa, zai riƙe ta a hannu zuwa ranar jarabawa daga nan ya yar.

Abun dariyar ma, in dai huɗu ake nema dole, ai mu ma huɗun gare mu, bazara, damina, kaka, rani, ga hunturu kuma a cikin ranin. Hot season, rainy season, harvest season, dry season, shi kenan an gama. Sai dai in ja kunnen 'yan'uwana malamai masu jera su kafaɗa da kafaɗa da na Turawa su ce wai bazara ita ce spring, a'a wallahi. Spring a Ingila lokaci ne da sanyi ke sakin mutane, itatuwa na toho gari na daɗi, bazararmu kuwa ta Maris da Afrilu ita ce lokacin da ake kwana a tsakar gida fanka na huro wuta, in ma an kawo wutar kenan. Kaka da autumn ne ma suka ɗan yi kusa tunda duk lokacin girbi ne. Ita kuma harmattan da aka soke wa jikata tana nan daram a cikin ƙamus ɗin Turanci, Turawan ne ma suka aro ta daga nan Afirka ta Yamma don ba su da abun a ƙasarsu balle sunansa.

Wani abun da ke ba ni takaici shi ne dokar nan ta hana banakula. Har yau akwai makarantun da monita ke rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a ci shi tara ko a zane shi, sai yaro ya koyi yin shiru, Turancin bai samu ba Hausar kuma an toshe masa baki. Alhali mu da muka tashi a gaban malaman zaure mun san wata hanyar. Ɗalibi ya buɗe littafin fiƙihu ya karanto Larabci gaɓa-gaɓa, malam na ba shi da Hausa kalma da kalma, a haka aka samu malaman da suka rubuta littattafai da waƙoƙi da Larabci tsantsa a ƙasar nan tun kafin Bature ya zo. Ban taɓa jin malamin zaure ya ci ɗalibi tara don ya yi Hausa ba, da ita aka taka aka hau. Me ya sa da aka zo kan Turanci sai aka ce a janye tsanin?

Na san maganar harshen koyarwa rigima ce ta manya. Tsohon tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekara ukun farko, daga aji huɗu a juya zuwa Turanci. A ƙarshen 2022 lokacin Malam Adamu Adamu na minista aka ce a kai shi har aji shida, a 2025 kuma minista Tunji Alausa ya sanar an soke. Tun kafin su, a 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Ife inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida cur, Turanci na matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Ni dai ba Abuja na rubuto wa wasiƙa ba. Ko wace doka aka kafa, malamar da ke tsaye gaban yara a Rigasa ko Badarawa ko Unguwar Mu'azu da ƙarfe takwas na safe ba wanda zai hana ta nuna taga ta ce ku kalli can, hazo, haze, ku ce haze.

Bari in faɗi abun da nake yi yanzu, ba don ni gwani ba ne sai don na gwada na ga ya ci. Ran Alhamis da Juma'a da yamma da babu Islamiyya yaran layinmu kan taru a zaurena, wata rana goma sha biyu wata rana ashirin in an ji labarin akwai biskit. Muna da wani muƙami da muke kira mai duba gari, kowane zama da wanda ake naɗawa, kar ka so ka ga yadda ake rububinsa kamar kujerar kansila. Aikinsa ya fita ƙofar gida ya kalli sama ya dawo ya ba mu rahoto da Turanci, jimla ɗaya ko biyu. Today is cold and dusty. The sky is not clear. Sai mu rubuta a jikin kwalin taliya da na farke na manna a bango, da kwanan wata a gefe, wani ya zana hoto. Kalma biyar muke ɗauka a sati, kuma biyar ɗin nan sai mun juya su kamar waina, a faɗa, a zana, a kwaikwaya, a saka a jimla, a tambayi juna, sati mai zuwa a dawo da su kafin a ɗauko sababbi. Wani uba ya ce min Malam biyar ai ta yi kaɗan, a makarantarsu ashirin ake ba su. Na ce Alhaji lissafa mana, biyar sau sati talatin 150 kenan da yaro zai iya magana da su, ashirin ɗin can kuma kira shi yanzu ka tambaye shi na satin da ya wuce. Bai kira shi ba.

Ita jikar tawa a da ba ta zama da mu, ubanta ya ce 'yar firaibet ba ta buƙatar lesin ɗin zaure. Ashe rainy season da harmattan ɗin nan a jikin kwalin ta gani tana shige da fice, kaga kenan ni na ja mata jan biron.

Akwai wata dabara da yara ke so sosai, ta ƙaramin harafin y da ake liƙawa a wutsiya. Rain ya zama rainy, wind windy, cloud cloudy, dust dusty, storm stormy. Nakan ce musu wannan y ɗin kamar "mai" ne a Hausa, ƙura da mai ƙura, iska da mai iska, da ka san ɗaya ka samu biyu, garaɓasa. Daga nan sai su fara farauta da kansu, wani ya kawo salt da salty, wata ta kawo dirt da dirty, har wani ɗan ƙiriniya ya ce toh Malam ashe hot zai zama hoty, aka kwashe da dariya, ni kuwa daɗi na ji don yaron da ya yi irin wannan kuskuren ƙwaƙwalwarsa aiki take yi. Sai daga baya a nuna musu masu taurin kai, sun da ke ninka n ya zama sunny, fog ya zama foggy, haze da ke yar da e ya zama hazy.

Inda Hausar kuma ke yi wa yaro taɗiya dole ticha ya sani, kuma wanda ya kori Hausa daga aji ba zai taɓa gano ta ina kuskuren ke shigowa ba. Mu kalmar ruwa ɗaya ce, na randa da na sama, shi ya sa za ka ji yaro ya ce water is falling. Mu "ji" muke da kunne da hanci da fata, sai ya ce I am hearing cold. Ruwa ya dake ni, sai ya ce rain beat me. Gari ya yi zafi, sai ya ce the town is hot. Yaron bai yi wauta ba fa, fassara ya yi tsaf, abun da yake buƙata kawai a ce masa Bature ya raba ji gida-gida, kunne hear, hanci smell, jiki feel. Sannan ga wani it da Turanci ke sawa a gaba wanda ba ya nufin kowa, it is raining, it is hot. Yara kan ce Malam wai wane ne it ɗin? Sai in ce toh da muke cewa "ana ruwa", su waye suke yi? Su yi dariya, daga nan an wuce wajen. Haka weather da season da climate, mu duk yanayi muke cewa, nakan ce musu na farko na yau ne, na biyu na watanni ne, na uku kuma halin garin ne na shekara da shekaru wanda kakanka ma ya tarar.

Lafazi kuwa don Allah kar a mayar da shi abun kunyata yaro. Mun san tamu da p da f, fog ya koma pog, fan da pan su rikice, thunder kuma ya fito kamar sanda. Nakan sa su riƙe 'yar takarda a gaban baki, in an ce p ta motsa, in f ne haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, th kuma a ɗan leƙo da harshe tsakanin haƙora, su kuwa dama neman dalilin gwalo suke. Shi ma Turancin da nasa rashin gaskiyar, dubi flood da food, rubutu kusan ɗaya amma a baki kowa da hanyarsa, ko weather da whether da kunne ba ya rabawa. Irin waɗannan nakan ce musu ba laifinku ba ne, haka masu abun suka bar shi, a haddace kawai. Hadda ai da wurinta, ban ce a yar da ita ba.

Kuma darasin yanayi yana jawo 'yan'uwansa. Da muka zo kan harmattan wata yarinya ta ce Malam daga ina duk ƙurar nan take zuwa, ko daga titin da ake gyarawa ne? Na zana musu taswira a ƙasa da tsinke, na ce busasshiyar iska ce ke tasowa daga arewa maso gabas ta ratso Sahara, kuma kaso mai yawa na ƙurar daga wani kwari yake a ƙasar Chadi da ake kira Bodele, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, ita ce ke tafiyar sama da kilomita 1,000 ta zo ta kwanta a kan kujerun babarku, wani lokaci har ta hana jirgi sauka. Da damina kuma iskar ta juya, ta taso daga teku ta kudu maso yamma ɗauke da danshi, amma hadarin kansa yawanci ta gabas yake haɗowa kamar yadda kowace tsohuwa mai shanya ta sani. A zama ɗaya mun samu north, south, east, west, desert, ocean, dry, wet, ranar na karya dokata ta kalma biyar, amma ba wanda ya manta east tunda nan suke fuskanta sau biyar a rana.

Daminar da ta wuce mun yanke gorar ruwa ta roba muka kifa bakin a ciki kamar mazurari, muka ɗaura rula a jiki muka kafa nesa da indararo, duk safiyar da aka yi ruwa yaron maƙwabcina ya zo ya auna ya rubuta. Ba awon ƙwararru ba ne amma ya isa yaro ya ga heavy rain da light rain da idonsa, ya kuma ga Agusta da Satumba sun fi cika gora. Kaduna na samun ruwa sama da milimita 1,000 a shekara, kuma duk wanda ya zauna garin nan ya san abun da kogin Kaduna ke yi wa mutanen bakinsa irin su Kigo Road in ya cika ya batse. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina duk farkon shekara, tana kuma gargaɗi a kan ruwa mai ƙarfi da hazo da zafi, yawanci da Turanci ake fara gani a waya. Yaron da ya san flood da warning da heavy rainfall zai iya karanta wa kakarsa saƙon, wannan kuwa ya fi mata snowman amfani nesa ba kusa ba.

Af, kafin in manta, akwai wata waƙar Turawa da ake koya wa 'yan nazire ta korar ruwan sama. Duk lokacin da na ji ana rera ta a watan Yuni sai in girgiza kai, a ƙasar da in ruwa ya ɗauke sati biyu ake fita filin idi roƙon ruwa, manomi na kallon masararsa na murɗewa, mu kuma mun tara 'ya'yansa muna koya musu su ce wa ruwa tafi. Mutanen Ingila da ruwa ya ishe su su kore shi mana, mu ai ta maraba ya kamata mu ƙirƙiro, kalmomin ga su nan, rain, come, farm, grow, green.

Kar wani ya je ya ce tsoho ya hana koyar da winter. A koyar mana, yaro zai gamu da ita a littafi da jarabawa, amma a bari ya kai aji biyar ko shida bayan ya riƙe na gida, kuma ko a nan akwai ƙusa. Yaran nan suna leƙa gidan kallon ƙwallo, sun ga 'yan wasan Firimiya da safar hannu a Disamba da Janairu, baki na fitar da tururi, wani lokaci fili ya yi fari. Ka ce musu wancan shi ne winter. In ka ƙara musu da cewa a daidai lokacin mutanen Afirka ta Kudu da Ostireliya zafi suke sha don su Disamba summer ce a wurinsu, sai ka ga ido ya buɗe, su gane ashe marubucin littafin labarin garinsu kawai ya bayar.

Na san za a ce duk wannan sai da malamai, kuma gaskiya ne. Ba mu manta 2017 ba da gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu aka ce sama da 21,000 cikin kusan 33,000 ba su kai makin da aka yanka ba, ni ba zan tayar da wannan ƙurar ba, ta bana ma ta ishe mu. Abun da na sani shi ne wanda aka koya wa da kwafa da maimaitawa da haka zai koyar ko da digiri gare shi. Ga NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, nan a hanyar Zariya, hedikwatarta ta ƙasa baki ɗaya a nan take, ga manyan makarantun horar da malamai a Zariya da Gidan Waya, ga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Roƙona in za a yi wa malaman Turanci bita a ware ko rabin yini ne a fitar da su waje su ɗaga kai su tsara darasi da abun da suka gani. Hanyar ba ta tsoron cunkoso, na taɓa riƙe ajin da yara suka haura ɗari wasu a ƙasa wasu a kan taga, littafi bai kai goma ba, amma sama ta ishi kowa kallo.

Iyaye kuma, musamman mata masu cewa ni ban yi boko ba me zan koya masa, haba Hajiya. Ba sai kin iya ba, tambaya kawai za ki yi. Kina tankaɗe ki ce wai ya ake ce wa iska da Turanci, kina kwashe shanya ki ce hadari fa, ki bari shi ya zama ticha, in bai sani ba ya tafi da tambayar makaranta gobe. Yaro na son ya ga ya koya wa babba abu. Kuma ki gaya masa ya riga ya iya Turanci da yawa bai sani ba, bokiti, tebur, kofi, benci, fensir, burodi, mota, taya, siminti, duk nasu ne muka ara muka sa musu hula, sai dai a nuna masa kamanninsu kafin su shigo gidanmu.

Kai ma Malam Edita ba ka tsira ba. Me zai hana jaridarka ta ware ɗan lungu ko kamar tafin hannu ne duk sati, kalmomi biyar na Turanci da Hausarsu da jimla ɗai-ɗai, a bi lokacin da ake ciki, yanzu na hunturu, Maris na zafi, Mayu na hadari da shuka, Oktoba na girbi, malami ya yanke ya manna a aji ko ya ɗauka a waya ya tura gurup ɗin iyaye na WhatsApp. In ana neman mai rubutowa ga ni, ritaya ba ta hana hannu motsi, kuma ba sai an biya ni ba, a dai riƙa aiko min da jaridar.

Ita kuwa amaryar tawa, tun jan biron nan ubanta ya sauko, yanzu tana zama da mu a zaure. Alhamis ɗin da ta wuce ita aka naɗa mai duba gari, ta fita ta daɗe har na aika a dubo ta, ta dawo tana goge hanci ta ce it is hazy and windy, and my lips are, sai ta tsaya, ta ce Kaka ya ake cewa leɓe ya tsage? Na ce cracked. Aka rubuta a kwali, ta zama ta shida a satin. Spring da summer ɗin ma na ce ta haddace ta ba anti abunta ranar jarabawa kar a sake soke mu. Gorunan awon ruwa kuma na nan na jera su a bayan ƙofa, muna jiran Afrilu.

Na gode da filin da ka ba ni, Allah ya ƙara wa jarida farin jini.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Tudun Wada, Kaduna.